Hancina, Kunnen Mma Damata da Bakin Tene

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Laraba, sha ɗaya ga watan Satumba na shekarar 2024, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Mma Damata Ziblim, shugabar rumfarmu ta man kaɗe a nan Kumbungu. Ta rasu a asibiti a Tamale bayan jinyar kwana tara, tana da shekara sittin da takwas. Muna zaune a kan daro muna bugun ƙullu labarin ya iso. Ɗanta Neindoo ne ya tsayar da babur a bakin rumfa, bai kashe shi ba, bai kuma sauko ba. Ba wadda ta tambaye shi komai. Mu arba'in da biyu ne, kowace hannunta dumu-dumu da ƙullun kaɗe har gwiwar hannu, ba wadda ta samu abin share hawayenta. An yi mata sutura bayan la'asar a gidan mijinta.

Mma, yau kwananki ashirin a ƙasa. Waɗanda suka fi ni shekaru sun faɗi alherinki a wurin zaman makoki, ni kuwa ban isa in buɗe baki a can ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Shekara uku ke nan da aka kawo ni wurinki. Ina amarya ta wata huɗu a gidan mijina Sayibu, Gwaggo Sanatu, yayar mahaifinsa, ta riƙo hannuna har gabanki. Ita ce babbar mai suyar ƙwarar kaɗe a rumfa, ƙawarki kuma tun kuna 'yan mata. Ban manta abin da ta ce ba.

"Damata, ga amaryar gidanmu. Hannu ba ƙarfi, kai kuma yana cikin littafi. Jiya miya ta ƙone tana karanta yadda wani ya sayi wa wata mota. Duba ko za ta yi wani amfani."

Kika dube ni daga sama har ƙasa, kika ce, "Bar ta nan. Ban taɓa ganin mutumin da ba ya da amfani ba, sai dai wanda aka ajiye inda ba wurinsa ba."

A littattafan da nake karantawa, shugaban wurin aiki mutum ne mai ofis da kujera mai juyawa, idan ya shigo kowa ya miƙe. Ni abin da na tarar tsohuwa ce da silifa mai ɗinki, zaune a kan kifaffen turmi, tana tsince tsakuwa daga cikin ƙwara. Ba ki san ko baƙi ɗaya na boko ba. Ban taɓa jin kin ɗaga murya ba. Sai da na yi watanni kafin na gane cewa zaman turmin nan shi ne aikin.

Ke kike riga kowa zuwa, ki zauna inda za ki ga ƙofa. Daga yadda mace ta dire daronta kike sanin yadda ta kwana. Wadda ta shigo da fushin gida, sai ki tura ta daka, ta sauke shi a kan turmi. Wadda ta shigo da baƙin ciki, sai ki zaunar da ita tsakiyar masu bugun ƙullu inda hira ta fi yawa. Akwai lokacin da wasu mata biyu suka yi sati uku ba sa gaisawa saboda rigimar 'ya'yansu. Ba ki kira su sulhu ba. Sai kika sa su ɗaukar babbar tukunyar mai daga murhu zuwa wurin tacewa, wannan ta kama kunne ɗaya, waccan ta kama ɗaya. Tukunyar nan ba ta ɗaukuwa sai an ce wa juna "ɗaga" da "sauke" da "yi a hankali." Kafin Juma'a suna cin tubani a kwano ɗaya.

Ni kuwa na yi ta ba ki wahala. Bugun ƙullu na son kafaɗa, ni sai in yi bugu goma in tsaya ina kallon kumfa, hankalina ya tafi wani gari. Kin sa ni wanke ƙwara, na zubar da rabi. Ke dai kallo kawai kike yi. Wata rana kika kira ni gefe, kika ajiye curin mai uku a kan ganye.

"Amarya, na ga duk sanda kika wuce wasu tukwane sai ki yamutsa fuska. Shinshina waɗannan."

Na shinshina. Na ce na farko lafiya lau, na biyu da sauran ruwa a jikinsa, na uku kuma yana ƙauri. Kika naɗe ganyen. A shekarar da ta gabaci zuwana masu saye daga Tema, can bakin teku, sun mayar wa rumfa da kaya mota guda saboda ƙauri, wahalar wata uku ta dawo ta zauna a rumfa. Washegari kika tara mu kika ce duk wadda ta ji ƙauri a mai ta faɗa tun kafin a rufe bokiti.

Nan na yi kuskuren da ya kusa raba ni da rumfa. Na ɗauki maganarki yadda na ji ta. A littafi, yarinya mai gaskiya takan miƙe a gaban jama'a ta faɗi abin da kowa ke tsoron faɗa, a ƙarshe a yaba mata. Bayan kwana biyu na wuce ta gaban bokitin Gwaggo Sanatu, na tsaya a kanta, tana zaune ina tsaye, na ce da ƙarfi, "Gwaggo, man nan naki ya ƙone."

Duk hannuwa suka tsaya a cikin daro. Gwaggo ba ta dube ni ba. Ta wanke hannu, ta gyara ɗaurin zani, ta fita.

Kafin in isa gida maganar ta riga ni. Fushin gwaggo ba abin wasa ba ne, bakinta na kama ɗan ɗan'uwanta da duk abin da ya haifa. Sayibu ya rasa inda zai sa kansa. Surukina ya kira ni, na durƙusa, ya ce yayarsa ta yi suya shekara arba'in ba wanda ya taɓa cewa ta ƙona, sai matar da aka kawo jiya. Ya ce daga ranar na gama zuwa rumfa.

Na yi kuka sosai, har na ba kaina mamaki. Ban san rumfar ta shiga raina haka ba. A gida ni amarya ce mai ƙona miya, wadda har yanzu Allah bai ba haihuwa ba. A rumfa ne kaɗai aka taɓa ajiye abu a gabana aka ce in faɗi abin da na gani.

Da safe sai ga ki da goro a ƙunshe. Kin girmi surukina, amma kika cire silifa kika durƙusa a gabansa. Ina bayan zana ina ji. Kika ce laifin naki ne, ke kika ce a faɗa, ba ki koya wa yarinya yadda ake faɗa ba. Kika ce idan hukunci za a yi, ke za a hana zuwa rumfa. Daga baya ya karɓi goron, amma da sharaɗi: ranar da bakina ya sake taɓa aikin Gwaggo, ranar zan bar rumfa har abada, ba kuma mai zuwa roƙo. Kika ce kin ji. Ni ma aka kira ni na ce na ji.

A hanyarmu ta zuwa rumfa na zaci faɗa za ki yi mini. Sai kika ce, "Gaskiya kika faɗa, man yana ƙauri. Amma Sanatu ba ƙonawa take yi don rashin iyawa ba. Haka uwarta ta koya mata, a soya ƙwara ta yi ja sosai, man miya ke nan. Duk kasuwar Kumbungu ba man da ya kai nata daɗi a tukunya. Mutanen Tema ne ba ci za su yi ba, shafawa za su yi. Ke kin tashi gyara mai, sai kika taɓa uwarta da shekarunta arba'in. Mutum idan yana neman inda zai ɓoye fuska, kunnensa ba ya aiki."

Daga ranar kika canza mini aiki. Kika ce tunda ba ni da ƙarfi, ni ce mai rufe bokitai da goge su. Kowa ya yi dariya, aka ce an samar wa malalaciya aikinta. Ba bokitin da zai fita sai ya bi ta ƙarƙashin hancina. Idan na ji ƙauri, sai in ɗebo miki ruwan sha, in durƙusa, in faɗa miki a kunne. Ke kuma sai ki bari a ɗan jima, ki kira Tene ta zo ku raba goro.

Tene Bamoshiya ce, mijinta ya zo da ita daga wajen Wagadugu tun ina goye. Mosawa jikokinmu ne mu Dagombawa, duk abin da suka faɗa wa Badagombe wasa ne, ko sarki ba ya fushi. Kowa ya san wannan, amma ke kaɗai kika ga cewa za a iya yin aiki da shi. Tene na gama tauna goro sai ta miƙe tana yawo tsakanin bokitai, ta tsaya, ta kama hanci.

"Wayyo! Kaka Sanatu, gidan wa ya kama wuta? Wannan man idan Baturiya ta shafa, karnuka za su bi ta har gida, su ɗauka tsire ce!"

Gwaggo ta ce, "Ji 'yar masu jaki! Ku da kuka zo garin nan da ƙafa, me kika sani a kan mai?"

"Jakin ma ya shinshina ya juya baya, Kaka. Tsufa ne, ido ya tafi. Ki bari in aure ki in riƙa duba miki wuta."

"Da me za ki aure ni, da wannan zanin aro?"

Rumfa ta kaure da dariya, Gwaggo na dariya har da riƙe ciki. Sannan da hannunta za ta ɗauki bokitin ta kai ɓangaren kayan kasuwa. Ke kuma daga kan turmi sai ki ce, "A ajiye mini ludayi biyu a ciki, ba na cin miya da man kowa sai na Sanatu." Haka ake yi wa duk wata babba da hannunta ya zarce. Ƙananan mata kuwa ke kike jan su bayan rumfa ki gaya musu da kanki. Yabo ne kaɗai kike yi a gaban mutane.

Shekara uku ba a mayar mana da ko bokiti ɗaya ba. Idan mutanen Tema suka yaba, sai ki nuna masu suya da masu bugu. Zan faɗi gaskiya, Mma, abin yakan ci mini rai. Na so wata rana a ce ga wadda take yin aikin. Na taɓa gaya miki haka, kika ce, "Aikin kike so ko tafin?" Na ce duka biyun. Kika yi dariya har goro ya sarƙe ki, kika ce, "To riƙe ɗaya tukuna, hannunki ƙanana ne."

Da kika kwanta ciwo, Sayibu ya kai ni Tamale a babur ranar Lahadi. Duk hanya ina shirya kaina don jin wasiyya, irin wadda ake yi a riƙe hannun mutum. Na same ki kin rame, idonki dai yana nan yadda yake. Kika tambaya ko an rufe itace, don hadari na haɗuwa. Na ce an rufe. Kika ce, "Yarinyar nan ta littafin da kike ba mu labari, direban ta aura ko malamin?" Na ce ban kai ƙarshe ba. Kika ce, "Malamin ya fi hankali, amma direban za ta bi." Sai barci ya ɗauke ki. Iyakar abin da ya shiga tsakaninmu ke nan.

Ranar sadakar uku Tene ta yi miki wasan jikoki. Ta ɗaura ɗankwalinki, ta sa silifarki, ta riƙa tafiyarki ta jan ƙafar hagu, tana leƙa tukwanen abinci tana cewa an cika gishiri. Mutane suna hawaye suna dariya. Da ta gama na gan ta bayan rumbu ita kaɗai, ta rufe fuska da ɗankwalin.

Bayan sadakar bakwai muka koma aiki, domin motar Tema za ta zo ranar Litinin, ba ta san an yi mutuwa ba. Mata suka taru suka ce Gwaggo Sanatu ce babba, ita za ta riƙe rumfa. Ba ta zauna a turminki ba. Ta ci gaba da suyarta, sai dai takan tsaya da muciya a hannu tana kallon ƙofa, wuta na ci.

Ranar Asabar ina rufe bokitai na zo kan nata. Guda shida, duka ƙauri, mai ƙarfi kuwa. Na ɗebo ruwa a moɗa kamar kullum, na juya, sai na ga ba inda zan kai shi.

Na sami Tene a wurin wanke ƙwara na gaya mata. Ba ta ko ɗago ba.

"Amarya, rabu da ni. Wasan nan ni da Damata muke yin sa. Ita ta san ranar da mutum zai iya ɗaukar dariya da ranar da ba zai iya ba. Matar da ta binne ƙawarta makon jiya zan je in ce wa ta tsufa? Yau bakina a rufe yake."

Na koma na tsaya a kan bokitan. Idan na rufe su na yi shiru, ba mai cewa na yi laifi. Amma mutanen Tema bokiti suke zaɓa su buɗe, idan hannunsu ya faɗa kan ɗaya daga cikin shidan nan, kayan mata arba'in da biyu zai dawo, a motar farko bayan rasuwarki, a hannun Gwaggo. Idan kuma na yi magana, sharaɗin surukina na nan, wadda za ta kai goro kuma ba ta nan. Na rufe guda biyu, Mma. Ba zan ɓoye miki ba. A na uku hannuna ya ƙi.

Na jira aka kira azahar, mata suka tafi alwala, Gwaggo ta rage ita kaɗai tana janye itace daga murhu. Na je da moɗar ruwa, na cire takalmi, na durƙusa har gwiwata ta taɓa toka. Ta karɓa ta sha. Na ce a hankali, "Gwaggo, ina da magana, amma an hana bakina."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Bokiti nawa?"

Na zare ido. Ta sake tambaya. Na ce shida.

"Shida? Na ɗauka huɗu ne." Ta ajiye moɗar. "Me kike zare mini ido? Ke a tunaninki Tene na da hanci? Matar da take shaƙar garin taba tun ba a haife ki ba? Ko gawar akuya aka ajiye mata ba za ta ji ba."

Sannan ta gaya mini abin da ban sani ba. Ranar da kika kai wa surukina goro, da kika rabu da ni, ɗakinta kika wuce. Kika ce mata, "Sanatu, Allah Ya ajiye hanci a gidanku, ara mini shi. Ba zai sake yi miki magana ba, ta bakin Tene za ki riƙa ji." Kika kuma roƙe ta kada ta nuna mini ta sani, domin in na san ta sani, kunya za ta toshe mini hancin, in riƙa barin nata yana wucewa. Shekara uku ina ɓoye wa Gwaggo abu don kada ta ji kunya, ashe ita ma ɓoye mini take yi don kada in ji. Ke kuma kina kan turmi kina kallonmu mu biyu.

Na ce, "Gwaggo, maganar Baba fa?"

Ta ce, "Ni na sa shi ya faɗa, ni zan sa shi ya manta. Ni na goya shi." Ta share ido da gefen zani, ta ce hayaƙi ne. "Daga yau kunnena za ki riƙa kawo wa. Amma da ruwa a hannu, kuma a durƙushe, kuma ba a gaban mutane ba. Idan kika sake tsaya mini a kai, sai na fasa miki wannan hancin. Tashi ki kama mini kafin su idar."

Muka kwashe bokitai shida zuwa ɓangaren kasuwa, ita da kunne ɗaya ni da ɗaya. Ranar Litinin mota ta tafi da sauran, ranar Alhamis aka aiko cewa an karɓa. Ina nan a rumfa, Mma. Ban bari ba, ba a kuma kore ni ba.

Ya Allah, ga baiwarKa Damata ta zo gare Ka. Ta rufa wa bayinKa asiri a duniya, Ka rufa mata nata ranar da asirai za su tonu. Ba ta kunyata babba ba, ba ta wulaƙanta ƙarami ba, kada Ka kunyata ta a gaban taro. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, Ka yalwata kabarinta, Ka sanyaya shi, Ka sa ciwon da ta yi ya zama kankarar zunubi, Ka sa Aljanna Firdausi ce masaukinta.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Mba Dawuni, da 'ya'yanta Neindoo da Ayishetu da Fuseina, da jikokinta, da dukan dangi na Kumbungu da Tamale. Ina yi wa Gwaggo Sanatu ta'aziyyar ƙawar shekara hamsin, ina yi wa Tene ta'aziyyar kakarta, da sauran matan rumfa baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya riƙa wa wadda ta ɗauki nauyin bayanta, mu kuma idan tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Amin.

Rahinatu Sayibu, Kumbungu.